Yadda Za Ka Gane Ɗabi'arka, Ka Kuma Nuna wa Mutanenka Hanyar Zama da Kai

Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya taɓa yin sallama da ni bayan Isha'i, ɗan ƙanwarsa na biye da shi, kai a sunkuye. Ko gama zama bai yi ba ya ce, "Malam, ga ɗanka nan. Yaron nan miskili ne. Mata su shigo shago, ko sannu da zuwa sai an roƙe shi. Yana kore min masu saye, ni kuma ba ni da bakin korarsa." Na ce ya bar min shi mako biyu. Da muka zauna muka bi abin daki-daki, sai ga shi yaron ba raina kowa yake yi ba. Hayaniyar ciniki ce take cinye shi, kafin azahar ya gaji tiɓis. Amma ka miƙa masa littafin bashi da lissafin kaya, ko turmi ɗaya ba ya ɓace masa. Aka mayar da shi sito da lissafi, aka sa wani mai baki a gaban shago, gida ya zauna lafiya.

Ni malamin makaranta ne a ɓangaren ba ɗalibai shawara, kuma a unguwa akan kawo min irin waɗannan: maigida da yaronsa, miji da mata, uwa da 'yarta. Hanyar da zan bayyana a nan ita nake bi da su, ita na bi da kaina. Zan riƙa cewa "ka", amma maganar har da ke, 'yar'uwa.

Kayan aiki

- Sabon littafin rubutu, mai ganye 40 ya isa. Kada ka haɗa shi da littafin bashi ko na makaranta, wani zai buɗe.
- Biro biyu, shuɗi da ja.
- Minti 10 kowane dare, kwana 14 a jere.
- Mutum uku da suka san ka a wurare daban-daban: na gida, na wurin nema ko karatu, da abokin ƙuruciya.
- Waya, in akwai. Ba dole ba ce.

In boko yana ba ka wahala, yi da ajami. In duka biyun ba ka sake da su ba, naɗi muryarka a waya kowane dare, ka sa wa wayar lambar sirri.

Ɗan abin da za ka riƙe kafin ka fara

Abin da muke kira hali a dunƙule, kashi uku ne a cakuɗe. Akwai ɗabi'ar da aka halicce ka da ita. Akwai tarbiyya, wato abin da gida da makaranta da gari suka ɗora maka, irin su kunya da kawaici da kara. Sai yanayi: yunwa, rashin barci, bashi, ciwo. Da Hausawa suka ce hali zanen dutse, kashi na farko suke nufi, kuma shi muke nema.

A Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi yana da ɗabi'u biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa. A ruwayar Abu Dawuda, Ashajju ya tambaya ko shi ya koya wa kansa su, ko kuwa halittarsa ce, aka ce masa Allah ne ya halicce shi a kansu. Ka ga ke nan tambayar da kake shirin yi wa kanka, sahabi ya riga ka yin ta.

Mataki na 1: Zaɓi lokacin da rayuwarka take tafiya yadda ta saba

Ban da azumi, ban da makon biki, zaman makoki, jarrabawa ko jego. Haka in mai bin ka bashi yana sintiri a ƙofar gidanka, jira ku warware. Zafin Kano na watan Afrilu ma abin lura ne: dare ba wuta, ba barci, kowa a wuya yake. In ba makawa sai a irin wannan lokaci za ka yi, rubuta yanayin a saman kowane shafi, zai yi maka amfani a mataki na 3.

Mataki na 2: Rubuta abin da ya faru, kwana 14

Kowane dare, shafi ɗaya, da shuɗin biro. Sa kwanan wata, ka amsa tambayoyi huɗu:

1. Me ya ƙara min kuzari yau, me kuma ya gajiyar da ni?
2. Me ya ɓata min rai, me na yi nan take, kuma sai yaushe na huce?
3. Wace shawara na yanke, ta yaya: a tsaye, ko sai da na kwana a kanta, ko sai da na tambayi wani?
4. Me na yi niyyar yi ban yi ba, me ya hana?

Kuskuren da kusan kowa yake yi a nan shi ne rubuta hukunci a maimakon labari. Mutum ya rubuta "yau na yi haƙuri" ya rufe littafi. Wannan ba ya nuna komai. Ga yadda wani ɗalibina ya gyara nasa: "Mun yi ciniki da mai adaidaita sahu daga Kurna zuwa Bata, da muka isa ya ƙara ɗari biyu. Na biya ban ce uffan ba. Har la'asar ina juya maganar a raina. Da na koma gida ƙanena ya taɓa cajata, na yi masa tsawar da ta fi laifinsa." Duba da kyau. Wannan ba haƙuri ba ne, haɗiyewa ce da riƙo, kuma wanda bai ci ba bai sha ba shi ya biya. Da hukunci ya rubuta, da har abada yana ɗaukar kansa mai haƙuri, mutanen gida kuma suna mamakin faɗansa.

Kada ka koma karanta shafukan baya kafin kwanakin su cika, don za ka fara gyara rubutunka ya dace da mutumin da kake so a ce kai ne. In dare ɗaya ya kuɓuce maka, ci gaba kawai, ka ƙara kwana ɗaya a ƙarshe.

Mataki na 3: Tace, ka ware kunya da yanayi

A ganina nan ne zuciyar aikin, musamman gare mu mutanen Kano. Ɗauki jan biro, ka karanta daga farko. Duk abin da ka yi saboda yunwa, zafi, ciwo ko rashin kuɗi, sa masa Y. Duk abin da ka yi saboda haka aka koya maka a gaban manya ko baƙi, sa masa T. Abin da ya rage, wanda yake ta dawowa ko ka ƙoshi ko kana jin yunwa, ko a gaban wa kake, shi ne ɗabi'a, sa masa Ɗ.

Me ya sa na matsa a kan wannan? Saboda tarbiyyarmu mayafi ce mai kauri. Amarya takan shekara a gidan miji muryarta ba ta wuce ƙofar ɗaki, dangin miji su yi ta yabon sanyinta, alhali a gidansu ita ce mai tashe, in ba ta nan gidan kamar an yi mutuwa. Uwa takan kau da kai daga ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, wanda bai san al'ada ba sai ya ce ba ta da tausayi. Saurayi ya yi tsit a gaban surukinsa, ba don haka yake ba. In kana so ka san naka, duba shafukan da kake tare da sa'anninka ko abokan wasanka, inda ba wanda kake jin nauyi. Can ne ɗabi'a take yaye mayafi.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi kawo min ma'aurata. Mutum yana kasuwar Sabon Gari ko kasuwar waya ta Farm Centre, tun safe yana "Hajiya shigo ki gani", yana wasa da dariya da kowa. Ya dawo gida bayan Isha'i, bakinsa ya mutu, so yake a ba shi abinci a ƙyale shi. Matar ta ji labarin fara'arsa a waje, sai ta ce ita ce ba a so. Shi kuwa faran-faran ɗin kasuwa sana'a ce ya koya, ainihinsa mai son shiru ne, ya ƙarar da abin da yake da shi a kan neman abincinsu. Daga ranar da su biyun suka gane haka, rabin rigimar ta mutu.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Siwizalan, Carl Jung, shi ya shahara da wannan rabe-raben a littafin da ya fitar a 1921: masu fuskantar waje, da masu fuskantar cikin kansu. Shi da kansa ya ce babu mutumin da yake tsantsar ɗaya. Don haka kada ka tsaya a kan yawan surutunka. Tambayi kanka: in na gaji, majalisa nake nufa ko ɗaki?

Mataki na 4: Auna kanka a ma'auni biyar

Tun wajen shekarun 1980 zuwa 1990, yawancin masu binciken halayyar ɗan Adam sun fi dogara da ma'auni biyar, waɗanda da Turanci ake kira Big Five. Ba akwatuna ba ne da ake jefa mutum ciki. Kowanne kamar sikeli yake, kuma mafi yawan mutane a tsakiya suke. Buɗe sabon shafi, ka ba kanka maki daga 1 zuwa 5 a kowanne. Sharaɗi ɗaya ne: kowane maki sai ka kawo masa shaida biyu daga abubuwan da ka sa wa Ɗ. Ba shaida, ba maki.

Na farko, son jama'a. Mun yi maganarsa.

Na biyu, tsari da cika aiki. Kana isa wuri kafin lokaci? Ka san inda takardunka suke? In ka fara abu kana kai shi ƙarshe? Mai maki 5 abin dogaro ne, amma yakan takura wa na kusa da shi da mita. Mai maki 1 yana da sauƙin zama, sai dai alƙawarinsa sai an bi shi da tuni.

Na uku, sauƙin kai da tausayi. A nan mutane suka fi yi wa kansu ƙarin maki, don kowa yana so a ce yana da kirki. Ka sani wannan ba ma'aunin kirki ba ne. Na ga mai sauƙin kai da shagonsa ya karye saboda bai iya cewa a'a ga mai neman bashi ba, dangi da maƙwabta suka kwashe jarin a hankali, kuma har yau yana gaishe su da fara'a yana ƙuna a ciki. Na kuma ga mai tsage gaskiya da ake gudu, amma shi ake kira in za a raba gado, don an san ba zai karkata ba. Gaskiya da amana da adalci wajibi ne a kan kowa, mai taushi da mai tsauri. Abin da ake aunawa a nan shi ne yadda kake ji in za ka saɓa wa mutum ido da ido.

Na huɗu, saurin damuwa. In an kira ka ba ka ɗauka ba, sai ka ga kira uku daga gida, me zuciyarka take fara raya maka? Magana tana kwana nawa a ranka? Mai maki sama yana shan wahala, amma sau da yawa shi ne mai tashi ya duba an kashe gas, an kulle ƙofa.

Na biyar, son sabon abu: sabuwar sana'a, sabon abinci, sabon ra'ayi, ko kuwa abin da aka saba.

Kada ka nemi maki 5 a ko'ina, ba jarrabawa ba ce. In ka rasa shaida a wani ma'auni, bar shi a buɗe, mataki na gaba zai cike.

Mataki na 5: Tambayi mutanenka uku

Ido ba ya ganin kansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a littafinsa Ihya'u hanyoyi huɗu da mutum zai san aibinsa: malami mai basira, aboki mai gaskiya, bakin maƙiya, da cuɗanya da mutane, inda abin da ka ƙi a wurin wani sai ka neme shi a kanka. Wannan mataki hanya ta biyu ce.

Matsalar ita ce kara. Ka ce wa Bakano "yaya halina?" amsar da za ka samu ita ce, "Haba, ai kai ba ka da matsala." Ba ƙarya yake nufi ba, mutuncinka yake karewa. Don haka sai ka yi tambayar da ba ta buƙatar ya zarge ka:

- In raina ya ɓaci, ta yaya kake ganewa tun kafin in faɗa?
- Wane aiki ne in ya taso kake cewa wane ne zai iya, wanne ne kuma ba ka ko tunanin ba ni?
- Wace irin magana ce sai ka zaɓi lokaci kafin ka faɗa min?
- A wane lokaci na fi daɗin zama?

Same su ɗaya-ɗaya, ba a majalisa ba, ba kuma ta saƙon waya ba. Kada ka zaɓi wanda yake ci a hannunka, ba zai iya ba. Kada ka zaɓi wanda kuke cikin rigima da shi. In sun fara magana, kame bakinka. Da zarar ka ce "ai abin da ya sa na yi haka", ka rufe ƙofar, ba za su sake buɗewa ba. Ka ce na gode, Allah ya saka da alheri, ka je ka rubuta tun ba ka manta ba.

Mahaifiya ba a yi mata irin wannan tambayar kai tsaye, za ta ce, "Wace irin magana ce wannan?" Sai ka bi ta labari. Zauna kusa da ita tana tsince shinkafa ko gyaran zogale, ka ce, "Umma, wai da ina ƙarami wane irin yaro ne ni?" Za ka ji abin mamaki: ko kai ne mai maƙalewa a zaninta in baƙi sun zo, ko kai ne wanda ake nema a gidan maƙwabta kullum. Wannan shaida ce mai daraja, don a lokacin tarbiyya ba ta gama rufe ka ba.

In ba ka da mutum uku, akwai madadi. Koma kan tsofaffin saƙonninka na WhatsApp na wata shida, ka ga wa yake fara magana, wa yake fara ba da haƙuri, tsawon wane lokaci kake ɗauka kafin ka amsa. Duba abin da malamai suka riƙa rubutawa a katin sakamakonka. Tuna laƙabin da abokai suka sa maka. Ka kuma tuna abin da aka taɓa faɗa maka cikin faɗa: cire zagin, ka duba ko akwai ƙwayar gaskiya a ciki.

Abin da mutum biyu cikin ukun suka haɗu a kai, kai kuma babu shi a littafinka, shi ne babban abin da ka samu. Ni na daɗe ina ɗaukar kaina mai sauraro, tunda sana'ata ke nan. Sai maiɗakina da wani abokin aikina, waɗanda ba su taɓa zama tare ba, kowanne ya ce min ina ƙarasa wa mutum magana kafin ya kai aya. Ya yi min ciwo, na kwana biyu ina musu a zuci. Da na fara lura a ofis, sai na kama kaina ina yi wa ɗalibai haka, yaro ya zo da damuwarsa ya koma da rabinta.

Mataki na 6: Gwajin intanet, in kana so

Sai yanzu, ba da farko ba. In ka fara da shi, za ka yi kwana 14 kana neman abin da zai gaskata shi.

Haruffa huɗun da kake gani matasa suna sawa a shafukansu, irin su INTJ ko ESFP, daga gwajin Myers-Briggs suke. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka gina shi a shekarun 1940 bisa ra'ayin Jung, ya raba mutane gida 16. Yana da daɗin karantawa, yana kuma buɗe hira. Rauninsa shi ne yana tsaga kowane ma'auni gida biyu, don haka wanda yake tsakiya zai iya fitowa da wasu haruffa yau, ya sake bayan 'yan makonni ya ga wasu. In za ka zaɓa, nemi gwajin ma'auni biyar ɗin nan, akwai na kyauta.

Tambayoyin da Turanci suke, kuma da rayuwar Turawa aka auna su. In an tambaye ka game da liyafa, sa gidan biki ko majalisa a ranka. Amsa da abin da kake yi, ba abin da ya kamata ba. Kada ka ba da lambar waya ko bayanan banki. In sakamakon ya saɓa wa littafinka da mutanenka uku, su za ka bi.

Za ka kuma ji ana raba mutane gida huɗu bisa ruwayen jiki, mai jini, mai majina da sauransu. Wannan daga tsohon likitancin su Jalinus, likitan Girka na zamanin da, ne, wanda Ibnu Sina ya bi, kuma likitancin yau ya bar shi. Wanda nake gargaɗi a kai da gaske shi ne masu lissafa sunanka da na mahaifiyarka su ce kai wuta ne ko ruwa, wance ba za ta zauna da kai ba. Na ga auren da aka fasa a kan wannan. Malamai sun yi hani da zuwa wurin masu duba, hankali ma ya ƙi: a Kano mutum nawa ne sunansu ɗaya, sunan iyayensu mata ɗaya, halinsu kuma ya sha bamban?

Mataki na 7: Mayar da abin da ka gano zuwa layi biyar

Wanda yake zaune da kai ba ya buƙatar makinka. Yana buƙatar ya san me zai yi. Rubuta layi biyar kacal, kowanne ya ƙunshi abin da ake gani, ma'anarsa, da abin da yake taimakawa. Ga misali daga mutumin kasuwar nan:

1. In na dawo na yi shiru, gajiya ce, ba fushi ba. A ba ni rabin awa, ni zan nemi hira.
2. In za a gaya min laifina, a same ni ni kaɗai.
3. Ba na iya yanke shawarar kuɗi a tsaye. A gaya min yau, in amsa gobe.
4. In na ce "ba komai" ina kallon ƙasa, akwai komai. A sake tambayata bayan na ci abinci.
5. Ina mantuwa da saƙon baki. A rubuto min.

Kalmomin "kullum" da "ba na taɓa" ka guje su. In layi ya fito da kamannin zargin wani, sake shi har sai ya zama bayani a kanka.

Mataki na 8: Isar da shi, kowa da ƙofarsa

Kada ka miƙa wa kowa takarda. Abu ɗaya ake faɗa a zama ɗaya, a lokacin da ake cikin daɗi, ba tsakiyar faɗa ba.

Tsakanin miji da mata, a fara da tambaya kafin bayani. "Ni na gano shiruna yana damunki. Ke me kike so in sani game da ke?" Mace kuma ta zaɓi lokacin da ya ci ya huta: "Maigida, akwai abin da na lura da shi a kaina, ina so ka taya ni." In aka yi musaya, kowa ya ba da ɗaya ya karɓi ɗaya, ba wanda zai ji an kai shi kotu. Mafi kyau ma ku yi kwana 14 ɗin tare, kowa da littafinsa, ba mai leƙa na wani.

Iyaye ba a ba su doka. Roƙo ake yi da neman addu'a: "Baba, na lura in aka yi min faɗa a gaban ƙannena kaina kullewa yake, ba na fahimtar komai. A taya ni da addu'a." Dattijo ya ji saƙon, girmansa kuma bai taɓu ba. In ka san ko wannan ba zai karɓu daga bakinka ba, bi ta gwaggo ko kawu da yake jin maganarsu.

Maigidan kasuwa ko shugaban ofis, yi masa magana da harshen amfaninsa: "Alhaji, in aka bar min lissafi da sito, in sha Allahu ba za a samu giɓi ba. Gaban shago kuwa wane ya fi ni." Kada ka ce ba ka iya abu ba tare da ka kawo wanda ka iya ba.

Abokai su ne masu sauƙi, cikin raha ma ya wadatar.

Wani zai karɓa, wani zai ce iyayi ne ko boko ya yi maka yawa. Kada ka ja. Bar shi, ka ci gaba da abin da ka ce, in ya ga rabin awar nan da gaske hira take biyo bayanta, da kansa zai saba.

Mataki na 9: Ɗauki naka kason

Nan nake jin tsoro a duk lokacin da na koya wa mutum wannan hanya. Akwai wanda zai gama ya mayar da ita garkuwa: "Ni haka Allah ya yi ni, mai zafi ne ni, sai a yi haƙuri." A'a. Saurin hawan zuciya halitta ce, amma zagi da duka da gori zaɓi ne. Wanda ya zo neman wasiyya wurin Manzon Allah (SAW), aka ce masa kada ya yi fushi, aka maimaita masa. An kuma koyar da mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Da ba a iya sarrafa abin, da ba a yi umarni da shi ba.

Ga kowane layi da ka roƙi mutane, rubuta abin da kai za ka yi a gefensa. Ka nemi rabin awa na shiru? To kai ne za ka fara hira in ta cika, ka ajiye waya. Ka ce a rubuto maka saƙo? To ka riƙa dubawa. Zaɓi abu ɗaya tak ka yi aiki a kansa wata guda. Ni nawa shi ne in ƙirga uku a zuci bayan mutum ya yi shiru kafin in buɗe baki. Masu ɗaukar biyar a lokaci ɗaya, cikin mako suke zubar da duka.

Mataki na 10: Koma bayan wata uku

Sake yin kwana bakwai na rubutu, ka koma wurin mutum ɗaya cikin ukun, ka tambaye shi ko ya ga canji a abu ɗayan nan. Gyara layukanka in akwai wanda bai yi aiki ba. Ɗabi'a tana motsawa a hankali da shekaru, aure da haihuwa da ɗaukar nauyi suna sa yawancin mutane su ƙara natsuwa, don haka littafin bana ba lallai ya yi daidai da kai ba nan da shekara biyar.

Amma in canjin na farat ɗaya ne, wannan wani abu ne daban. Mai fara'a ya koma ƙunci fiye da mako biyu, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, abin da yake so da ya daina burge shi, ko tunanin cutar da kansa ya fara zuwa masa: kada a ce miskilanci ne, kada a ce halinsa ne. Haka mai jego da ta shiga irin wannan hali. A haɗa addu'a da zuwa asibiti. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. In za ka je, tafi da littafin, don kwanakin da ka rubuta za su nuna wa likita lokacin da abin ya fara da yadda yake tafiya.